Ranar da Na Juya Gonar Baba

Ni ba matafiyiya ba ce. Tun da aka kawo ni Tambuwal ina 'yar shekara bakwai, tafiyata mafi nisa ita ce Sanyinna, sunan jaririn wata ƙawata, shi ma na dawo da ciwon kai na kwana biyu. Da aka yi mini aure, gida huɗu ne tsakanin ɗakina da ɗakin Inna, har maigidana yakan ce shi bai auro mata ba, aro aka ba shi. Karatuna na allo ne da aji biyu na boko. Abin da Allah Ya ba ni kunne ne, in na ji magana sau ɗaya ta zauna. Amma duk da rashin yawona, na taɓa ɗaga tudu sukutum na mai da shi kwari, kuma ban tashi daga zauren gidanmu ba.

Baba yana da gona a ƙauyenmu na asali, can wajen Kebbe. Kakansa ne ya sare ta. Tudu ce ta jigawa mai gawo uku a tsakiya, gero ne kawai abincinta, ruwa bai taɓa kwana a cikinta ba. Kowace shekara da an fara ganin hadari sai ya ɗaure kayansa, shi da Inna su tafi, ba mu sake ganinsu sai an yi girbi. A Tambuwal yana da rumfar hatsi a kasuwa, yana da maƙwabta, yana da sahunsa a masallaci, amma in yana maganar gida, wannan tudun yake nufi.

Yayana kuwa ɗan fari ne. Tun yana shan nono aka san ba a hannun Baba zai tashi ba, wajen kakanmu na wajen uwa ya girma, nan cikin gari, daga nan boko ya ɗauke shi. Gonar sau biyu ya taɓa taka ta, na biyun ma ƙaya ta soke shi aka dawo da shi a kan jaki. Lokacin da aka ba Sakkwato jiharta, kuɗin mai yana zuba kamar ba zai ƙare ba, sai ya samu aiki a wani ofis a can. Ya dawo mana da sabon babur, da agogo, da Hausar rediyo. Mu muna cewa fuɗu, shi yana cewa huɗu, Inna tana kallonsa kamar an musanya mata shi a hanya.

Tsakaninsa da Baba akwai kunyar ɗan fari, irin ta mutanen da. Baba bai taɓa kiran sunansa ba. Bai taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, balle su jera kafaɗa. In magana ta kama dole, sai a shimfiɗa tabarma biyu a zaure suna fuskantar juna, Baba a ɗaya, Yaya a ɗaya kansa a sunkuye, ni auta a tsakani ina kai magana ina dawo da ita, alhali kowa yana jin kowa sarai. Ni ce wayar tarhonsu tun kafin tarho ya zo garin.

Wata bazara, ana sauran kwanaki kaɗan Baba ya tafi gona, sai ga Yaya da hantsi, ba ranar hutu ba, fuskarsa ba daɗi. Ya aika aka kira ni. Na shimfiɗa tabarmin nan biyu. Bayan gaisuwa ya buɗe jaka ya fito da wata takarda mai sheƙi, faɗinta kamar faifai, ya ajiye a ƙasa tsakaninsu, gefen da yake ɗauka ƙasanta ne yana wajensa.

Ya yi bayani, ni kuma na maimaita. Gwamnati za ta yi dam a ƙasar Kebbe, don shanu su samu ruwa, mutane su yi noman rani. Jirgin sama ya bi ta kan ƙasar ya auna tsawo da zurfin ko'ina. An kai awon ƙasar waje, an ba wani inji mai ƙwaƙwalwa, wanda yanzu ake ce wa kwamfuta, shi kuma ya zana ƙasar kamar yadda shaho yake ganinta. Babbansu a ofis ya duba, ya zaɓi kwarin da ya fi dacewa da tara ruwa, ya zagaye shi da jan biro. Nan da mako biyu za a zo a kafa turaku.

Na leƙa. Ba gida, ba itace, ba mutum. Toka-toka ce kawai mai tamoji, kamar fatar akuya da aka shanya ba a miƙe ta ba. An ja hanya da siririn layi, ga kuma jan zobe a tsakiya.

"Ga hanyar Kebbe," in ji Yaya, yana nunawa da bayan biro. "Ga inda ta rabu biyu. Ga rafi. To wannan kwarin da aka zagaye, Auta, ki gaya wa Baba, gonarsa ce."

Ban kai ga maimaitawa ba Baba ya matso da fuskarsa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya koma ya jingina da bango, har da ɗan murmushi.

"Gaya ma ɗan'uwanki injin nasu ya yi ƙoƙari. Gonata ta, tabbas. Ga ta nan tsaye awa yadda Allah Ya aje ta. Amma shi hwaɗa min, ina kwarin?"

"Ga shi nan cikin zoben, Baba."

"Tambaye shi, cikin zoben ga da nika kallo?"

"Shi fa."

"Wanga tudu na."

Yaya ya yi ajiyar zuciya irin ta 'yan boko, wadda ake yi ta hanci. Ya ce in gaya wa Baba a hankali, ido yana ruɗin mutum. Mai tafiya a ƙasa zai iya rantsewa yana kan tudu, alhali in an duba daga sama duk wurin a lotse yake. Inji kuwa ba ya ruɗuwa, ba shi da dangi, ba shi da gona. Kuma ba sai an yi musu ba, ga shi nan ƙuru-ƙuru, rami ne kamar an danna da gindin ƙwarya.

Baba ya ce in gaya masa shekara hamsin ke nan yana hawa wurin nan da ƙafarsa, kuma gwiwa ba ta ƙarya. Ya ce shi ba da inji yake faɗa ba, inji ya faɗi gaskiya, ga tudu nan ya zana har da kafaɗarsa ta gabas. Abin da bai gane ba shi ne irin karatun da ake yi wa yaro har ya kalli tudu ya ce rami.

Haka suka yi ta yi. Kowa yana nuna wuri ɗaya da yatsa, kowa yana tausayin ɗan'uwansa. Na ga Yaya yana satar kallon idon Baba, na san abin da yake tunani, wai yanar ido ta fara rufe shi. Na ga Baba yana kallon agogon Yaya, shi ma na san nasa tunanin. Baba dai ya gane ba gardamar zaure ba ce. In turakun nan suka shiga ƙasa, gawo ukun nan sun tafi, da kunyoyin da kakansa ya fara ja.

Na tashi na shiga cikin gida na damo fura, don in raba su ko na ɗan lokaci. Na fara kai wa Baba, na durƙusa a gefensa na ajiye ƙwarya. Idona ya faɗa kan takardar. Tudu ne, wallahi, a cike, kamar malmalar tuwo. Na ce a raina, kai, Yaya ya shiga uku. Na zagaya na kai masa tasa, na durƙusa a gefensa, na sake kallo. Rami. Zuƙut, kamar in zuba masa miya.

Na miƙe na koma wajen Baba. Tudu. Na dawo wajen Yaya. Rami. Na sake zagayawa.

"Ke Auta," in ji Baba, "ɗawafi kika yi muna?"

Na ce ludayi na manta, na ruga cikin gida. Inna tana bakin murhu tana goge tandar masa da tsumma. Na tsaya ina haki, ina ƙoƙarin gaya mata, sai idona ya tsaya a kan tandar. Na tuna tun ina yarinya, in rana ta yi ƙasa ta bugi tanda ta gefe, in na daɗe ina kallonta sai ramukan su kumburo kamar an kife ta, har sai na sa yatsa na tabbatar. Ashe abin nan ne. Injin ya sa wa takardar wata rana tasa ta ƙarya, ya ba kowane tudu inuwa a gefe guda. Ido kuwa ya saba haske daga sama yake zuwa. In inuwa tana ƙasan abu sai ya ce ƙullutu ne, in tana samansa sai ya ce rami ne, kuma ba ya shawara da mai shi. Wannan bayanin daga baya na tsara shi haka. A ranar abin da na iya cewa kawai shi ne, "Inna, dukansu suna da gaskiya, wurin zama na."

Inna ba ta ko ɗago ba. "To sai ɗayan shi koma wajen ɗayan."

Muka kalli juna, muka san ba mai yiwuwa ba ne. Ko gobara ake yi Baba ba zai je ya zauna kafaɗa da kafaɗa da ɗan farinsa ba, Yaya kuwa gara ya ajiye aikin da ya taka tabarmar Baba.

"Kuma kak ki kunyata shi gaban ubanshi," in ji ta. "Kak ki kunyata uban gaban ɗanshi. Tai ki san yadda kika yi."

Na koma da ludayin da ba a buƙata. Na durƙusa a tsakiya, na yi kamar hannuna ya goce, ɗigon fura ya sauka a gefen takardar gwamnati. Yaya ya yi ƙara kamar wuta ta taɓa shi. Na yi ta ba da haƙuri, na ɗauke ta na goge da bakin zane, na mayar. Sai dai gefen da yake wajen Yaya ɗazu, yanzu yana wajen Baba.

Na koma wurina na naɗe hannu, ina jiran a gode mini.

Ba wanda ya gode. Yaya ya cire tabarau ya goge ya mayar. Baba ya sunkuya har gemunsa yana neman taɓa takardar. Na ga hannunsa ya tafi neman tazbaha bai same ta ba. Ya murza idonsa na dama, ya murza na hagu. Sannan ya yi salati a hankali.

"Auta," ya ce, da wata murya da ban san shi da ita ba. "Gaya ma ɗan'uwanki shi yi haƙuri. Na gani yanzu. Kwari na."

"A'a," in ji Yaya da sauri, har ya manta da ni ya yi magana kai tsaye. "A'a Baba, kai ne da gaskiya. Tudu ne. Ni ne ban duba da kyau ba."

"Gaya mishi kas shi lallashe ni, ni ba yaro ba na. Ga rami nan nika gani."

"Wallahi tudu ne!"

"Ashe shekara hamsin cikin rami nike, ban sani ba."

Ni da na zo kashe wuta, ga shi na canza mata wuri kawai. Ɗazu kowa yana faɗa don ya yi nasara, yanzu kowa yana faɗa don a kayar da shi, kuma sun fi ɗazu zafi. Abin da ya fi tsorata ni fuskar Baba ce. Da bakinsa yake miƙa gonar, don shi mutum ne da ba ya musun abin da idonsa ya gani.

Dole na tona kaina. Na ce su yi mini afuwa, su duba hannuna. Na ɗora yatsu biyu a kan takardar na fara juya ta a hankali kamar mai juya faifai a bakin tukunya. Tana kaiwa rabi Baba ya ja baya, ya ce, "A'uzubillahi, ya taso." A daidai lokacin Yaya ya ce, "Ya nutse." Na sake juyawa. Sau huɗu na yi, ko sau fuɗu in Inna ce ke ƙirgawa, ina ɗaga tudun kakanninmu ina kwantar da shi.

Baba ya ce to yanzu wanne ne na Allah. Yaya ya ce ai da akwai rubutu a gefen babbar takardar da ke nuna sama da ƙasa, amma da aka ce a raba wa kowane ma'aikaci yankinsa, sai aka yanka ta da almakashi don ta shiga fayil. Na tambaye shi wa ya yanka. Ya ɗauki furarsa ya sha.

Rafin ne ya raba gardamar. Na mayar da takardar yadda Yaya ya kawo ta, na je bayansa na tsaya, na ce ya bar kallon zoben ya kalli rafi. Ga shi nan ya taso zarar kamar jijiyar bayan hannun tsohuwa. Na ce, "Yaya, ni ban yi karatu ba, amma ka taɓa ganin rafin da ke gudu a kan doron kunya?" Ya juya ta da kansa. Rafi ya koma cikin kwarinsa, gonar Baba ta miƙe tsaye.

Murna ba ta daɗe ba. Yaya ya dafe kai ya ce ai ba a yi komai ba tukuna, don ba shi ya ja zoben ba. Babbansu ne, mutumin da ya yi karatu a ƙasar waje, wanda ake cire takalmi kafin a shiga ofishinsa. Wa zai tsaya a gabansa ya ce, ranka ya daɗe, a kife ka riƙe takarda? Kuma shi ma teburinsa gefe biyu gare shi, ba wanda ya taɓa zagayawa nasa gefen sai mai shara.

Na ce, "Akwai fura a ofishinku?"

Ya harare ni. Baba kuwa, karo na farko a ranar, ya yi dariya har da tari.

Abin da ya faru a Sakkwato daga bakin Yaya na ji. Bai zubar da komai ba. Ya dai sa takardar a cikin fayil a juye, ya haɗa da wasu takardun sa hannu, ya miƙa da hannu biyu, ya koma bakin ƙofa ya tsaya. Babban ya buɗe, ya duba, sannan ya buga tebur ya ce wane sakarai ne ya zagaye tudu da jan biro. Ba wanda ya tuna. Aka kira mai zane aka yi masa faɗa, aka kira masinja aka yi masa nasa. Daga nan babban ya ce shi dama tun farko bai yarda da injin nan ba, a ɗauki mota a je a gani da ido. Sabuwar Landirobar da ake tausayi saboda hanyar Kebbe, ranar ta san ƙasar. Safiyo mai awon ƙasa ya hau gonar Baba yana haki, Baba yana gabansa da sanda. Aka mayar da zoben can gaba, kan wani kwari da shanu suke shan ruwa tun kafin a haifi kowa a cikinmu, wanda kowane makiyayi zai nuna maka ba tare da jirgin sama ba. A ofis aka daɗe ana yabon idon babban, wai kallo ɗaya ya yi ya kama kuskuren kwamfuta.

Shekarun baya 'yata ta biyu, wadda ita ma irin wannan aikin take yi, ta nuna mini ƙasar Kebbe a kwamfutarta. Yanzu har launi suke sa mata, kwari kore, tudu ja-ja, a karkata ta, a shiga tsakanin tuddai kamar tsuntsu, a ɗauki ranar ƙaryar nan a kai ta duk gefen da ake so. Ta ce an yi haka ne don kada ido ya ruɗi mutum. Na ce madalla, na tambaye ta ko a wane gefen tebur babbansu yake zama. Ba ta gane ba, ni kuma masa tana kan wuta.

Gona dai ta tsira, Baba ya noma ta har ƙarfinsa ya ƙare. Amma ban fita ba laifi ba. Inna ce ta gaya mini bayan sun dawo daga girbin shekarar. Ta ce ranar da za a fara shuka, Baba ya riga kowa hawa, da buta a hannu, alhali ba lokacin salla ba ne. Ta bi shi daga nesa. Ya tsaya a gindin gawon tsakiya, ya waiga gabas ya waiga yamma, ya ga ba kowa. Sai ya tsuguna ya tsiyaye butar duka a ƙasa, ya zuba ido ya ga ta ina ruwan zai gangara.

Na ce, "To ina ya gangara?"

"Jigawa ta fa," in ji Inna. "Nan take ta shanye shi."

Ta ce ya daɗe a tsugune yana kallon wurin da ya jiƙe. Sannan ya miƙe, ya karkaɗe gwiwarsa, ya ɗauki sungumi ya sara ramin farko.